Rassan kadet na sojan sama da suka ɓace: wa ya san labarinsu?

Maman_Ihsan:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda yaransu suka yi kadet na sojan sama a nan Birtaniya, ko su da kansu suka yi. Ɗiyata tana sikwadiron (wato rukunin kadet) ɗin garinmu a arewacin Ingila, kuma kwamandansu ya ɗora mata ita da wasu yara aikin haɗa tarihin wurin don a manna a bango. An ba su kwali cike da tsofaffin hotuna da takardu. An kafa sikwadiron ɗin a 1941, wannan a rubuce yake. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne takardun suna ta ambaton wasu rassa biyu a ƙauyukan da ke kusa, masu ɗauke da lambar sikwadiron ɗinsu amma da DF a gaba. Yau babu ko ɗaya, kuma cikin manyan da ke wurin yanzu ba wanda ya san yaushe aka rufe su. Sannan akwai hotunan wani abu da yara suka ƙera, kamar kwale-kwale mai ƙatuwar fanka a baya. Me ya sa ake buɗe irin waɗannan rassa, me ke kashe su, kuma ina ake tono labarinsu? Ni dai zargina rashin kuɗi ne.

Injiniya_Sale:
Wa alaikumus salam Maman Ihsan. Na taɓa koyar da yaran a matsayin mai aikin sa-kai, bari in ba ki abin da na sani. Ƙa'idarsu ita ce cikakkiyar sikwadiron tana buƙatar yara kamar 30. In ƙauye ko unguwa ba ta iya tara haka, sai a buɗe mata ƙaramin reshe a ƙarƙashin wata sikwadiron da ke kusa. Reshen yana da wurin faretinsa da daren da yake haɗuwa, amma lamba da baji da asusun kuɗi duk na uwar ne. Shi ya sa kika ga lambar iri ɗaya, DF ɗin kuma gajarta ce ta detached flight, sunan irin wannan reshe da Turanci. Kuma shi ya sa tarihinsu ke saurin ɓacewa. Ranar da aka rufe reshe ba wata lamba da ta fita daga jeri, kawai an daina buɗe ƙofar wani ɗakin taro ne.

Malam_Tarihi:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sai dai a ƙara da cewa ba kowane reshe ne ya fara a matsayin reshe ba. Asalin abin ya faro ne a 1938, lokacin da wani tsohon hafsan sama, John Chamier, ya jagoranci kafa ƙungiyar horar da samari saboda ana hango yaƙi. Sikwadiron ta farko a Leicester aka buɗe ta, ta biyu a Watford, kuma 50 na farko har yau suna saka harafin F bayan lambarsu don a san su ne tushe. Ranar 5 ga Fabrairu 1941 gwamnati ta karɓe abin ta mayar da shi ATC (Air Training Corps, ƙungiyar kadet ɗin sojan sama), Sarki George na VI ya zama babban uban ƙungiyar. A tsakiyar yaƙin yaran sun haura dubu 200. Kusan kowane gari mai makarantar sakandare ko masana'anta yana da tasa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 adadin ya zube warwas. Wasu aka rufe, wasu aka haɗe, wasu aka rage musu matsayi suka koma rassa. To ki sa Ihsan ta duba, ta yiwu ɗaya daga cikin ƙauyukan nan ya taɓa mallakar lambarsa kafin a jingina shi da naku.

DanLeicester:
A dai rubuta a ajiye, mu ne lamba ɗaya. Sauran duk ƙannenmu ne.

Binta_Nas:
@DanLeicester kai da ko jirgin ƙasa sai ka yi addu'ar tafiya sau uku, ina ruwanka da lamba ɗaya?

Hajiya_Uwani:
Maman Ihsan, ban yarda da batun kuɗi ba. Na zauna a kwamitin farar hula na wurin su ɗana, mu ne masu riƙe da asusu. Kaki kyauta ake ba yara, takalmi kawai iyaye ke saya. Hawan jirgi ba a biya. Kuɗin wata da iyaye ke bayarwa da abin da yara ke samu in sun je taya mutane zuba kaya a leda a manyan kantuna, su ke sayen tanti da gyaran ƙaramar bas. Ba mu taɓa yin arziki ba, amma ba mu taɓa rufe ƙofa saboda asusu ba.

Abin da ke kashe reshe mutum ne. Namu reshen mutum biyu ne suka riƙe shi, mata da miji, kowane mako dare biyu, daga bakwai zuwa tara da rabi, bayan sun taso daga aikinsu. Da aka yi wa mijin canjin wurin aiki suka tashi. Muka yi ta cigiya. Wanda ya yarda ya zo sai an yi masa binciken da ake yi wa duk mai aiki da yara, sai ya yi kwas, abin yana cin watanni. Kafin a gama yaran sun watse. Manyan sun koma babban gari, ƙananan kuwa iyayensu suka ce ba za su iya tuƙin dare a lokacin sanyi ba. Kuɗin reshen yana nan a asusu lokacin da aka rufe shi.

BabanKhalil:
Hajiya, da girmamawa, kuɗin da Maman Ihsan ke nufi ba lallai na asusunku ba ne. Ki duba daga sama. A Afrilun 2014 aka dakatar da duk tashin jiragen nan na kadet masu shawagi da iska (glider), aka ce na ɗan lokaci ne. Sai a Maris 2016 aka fito aka ce an soke makarantun koyar da su guda 14. A 2018 aka ajiye samfurin Vigilant mai ƙaramin inji gaba ɗaya, aka bar Viking mara inji. Yaro ya shiga don ya tashi sama, ya shekara yana goge takalmi da fareti, me zai zaunar da shi? Babbar sikwadiron tana iya jure ta rasa yara goma. Reshe mai yara goma sha biyar in ya rasa biyar ya mutu.

Injiniya_Sale:
@BabanKhalil dalilin da aka bayar na dakatarwar 2014 shi ne ba a gamsu da bayanan gyara da tabbacin lafiyar jiragen ba. Za ka iya cewa a ƙarshe kuɗi ne ya hana a farfaɗo da su duka, ba zan yi maka musu ba. Amma hotunan da Maman Ihsan ke magana a kai da alama sun girmi 2014 nesa ba kusa ba. A wancan zamanin tashi ba ya wahala. Tun 1958 aka kafa ayarin jiragen da ke ɗaukar kadet su ɗanɗana sama, kuma jirgin Chipmunk ya yi ta wannan aiki har 1996 kafin daga baya a zo kan jirgin Tutor na yanzu. Rassa sun mutu a lokacin ma.

Kawu_Bala:
Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Ku iyaye kuna ɗaukar 'ya'yanku kuna kai wa sojan wata ƙasa, har da mata, suna koyon harbi. Gobe a tura su yaƙi ƙasar Musulmi ku ce ba ku sani ba.

Zee_Kofur:
Kawu, barka da dare. Ni na yi, tun ina shekara 12 har na tafi jami'a, kuma yanzu haɗa magunguna nake karanta. Ba wanda ya taɓa miƙo min takardar shiga soja. Kadet ba soja ba ne, ranar da ka gaji sai ka mayar musu da kakinsu ka tafi gida. A cikin waɗanda muka yi tare, kaɗan ne suka shiga RAF, rundunar sojan saman Birtaniya. Da ɗankwalina nake fareti, a sansani ina faɗa musu abin da nake ci su tanada, da azumi kuma sajan ɗinmu yakan ɗage min gudu. Harbin a filin koyo ne, kan takarda, kuma ba dole ba ne. Abin da na fi tunawa shi ne tafiyar ƙafa a daji ta neman lambar yabon matasa ta Duke na Edinbara, mu shida da taswira da kamfas a cikin ruwan sama, ni ce mai karanta taswirar. Ban ce kowa ya kai ɗansa ba, wannan shawarar iyaye ce. Amma a san abin da ake ƙi tukuna.

Kawu_Bala:
'Yata, na ji ki. Amma wanda ya ba ki kaki kyauta ya san abin da yake nema. Na bar maganar a nan.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar baiwar Allah. Batun Kawu mai nauyi ne, wanda ke son a tattauna shi ya buɗe masa zare daban.

Injiniya_Sale:
To mu koma kan kwale-kwalen mai fanka. Maman Ihsan, in kin duba hoton da kyau, akwai wata baƙar roba da ta kewaye gindinsa kamar zane? In akwai, to irin jirgin nan ne da ke shawagi a kan iska, yana bin ƙasa yana bin ruwa. Bayan Christopher Cockerell ya fito da fasahar, kuma na farko ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a 1959, makarantu da ƙungiyoyin matasa da yawa sun shiga ƙera ƙanana. Ba shi da wuyar fahimta. Gangar jikin falankin katako ne mara nauyi. Ƙaramin inji, sau da yawa na yankan ciyawa, yana hura iska ƙasa ta cika robar ta ɗaga shi kaɗan daga ƙasa. Wani injin, wataƙila na tsohon babur, yana juya fankar baya ta tura shi gaba. Birki babu. In kana son tsayawa sai ka rage wuta ya zauna, ko ka juya shi ya fuskanci inda ya fito.

A da irin wannan aikin hannu yana cikin tsarin horonsu. Wasu rediyo suke haɗawa su yi magana da wasu sikwadiron, wasu ƙananan jirage na katakon balsa, wasu su samo tsohon inji su warware shi su mayar, wasu su karɓi gangar jirgin da aka yi ritaya suna kankarewa suna fenti. Kuma abin da na lura, rassa sun fi uwayensu irin wannan. Ba su da yawan da za su yi ƙungiyar baduja ko su ci gasar fareti, amma a ƙauye ba a rasa manomi mai rumfa da ba ya amfani da ita, da bakanike mai ritaya da ke neman abin yi.

Maman_Ihsan:
Wallahi akwai robar, Injiniya. Yanzu na sake dubawa. Kuma bayan hoton ba ginin su Ihsan ba ne, wata rumfa ce mai tarakta a gefe. Yara bakwai ne a tsaye, duk maza, gashi har kafaɗa, ɗaya yana riƙe da gwangwanin fenti. Wani dattijo mai tabarau ya ɗora hannu a kan kejin fankar.

Malam_Tarihi:
Wannan bayanin ya rage miki aiki. Sai a farkon shekarun 1980 aka fara karɓar mata a ATC, don haka hoton da ba mace ko ɗaya, ga kuma irin wannan sumar, ki fara nema daga shekarun 1970. Ga inda zan ce su bi. Babban laburaren garinku yana ajiye tsofaffin jaridun mako na yankin, yawanci a faifan da ake karantawa da na'ura. Jaridun nan ba sa barin irin wannan labari, musamman ranar gwaji ko ranar da magajin gari ya zo duba fareti. Sai littafin taron kwamitin farar hula, wanda ya fi komai amfani, don duk fam ɗin da aka kashe a kan katako ko inji sai an rubuta shi da kwanan wata. Sau da yawa yana gidan tsohon ma'aji ko a hannun 'ya'yansa. Sai ofishin shiyya da ke sama da sikwadiron, su ne ke amincewa da buɗe reshe da rufe shi. In reshen a makaranta yake haɗuwa, ma'ajiyar tarihi ta gunduma tana iya riƙe da littafin shugaban makarantar. Kada su fara da hedikwata a Cranwell ko ma'ajiyar ƙasa da ke Kew. Can manyan takardu ne, da wuya a samu sunan ƙauyenku.

Binta_Nas:
Ku sa hoton a shafin Facebook na ƙauyen kawai. Tsofaffin Turawan nan ba abin da suke so kamar a tambaye su zamanin da. Kafin gari ya waye za ki ga an jero miki sunan kowa da wanda ya aura.

DanZazzau:
Ina bin ku daga gida Najeriya, abin ya burge ni. Mu ma ai muna da irinsa, makarantar sojan sama ta Jos da aka buɗe a 1980, da ta soja ta Zariya tun 1954. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a nan Zariya tun 1964. Kuma batun ƙera abu da hannu, a Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle guda 60 don horar da matuƙan sojan sama, daga samfurin wani ƙaramin jirgin Amurka, RV-6A.

BabanKhalil:
@DanZazzau ba iri ɗaya ba ne ɗan'uwa. Jos da Zariya makarantun kwana ne, yaro ya ci jarrabawa ya shiga, rayuwarsa gaba ɗaya ta koma can. Wannan kuwa yaro yana makarantarsa ta unguwa, yana kwana gidan ubansa, da yamma ne kawai yake zuwa. Masu koyarwar kuma direban bas ne da nas da akawu. Air Beetle kamfani ne ya yi shi da injiniyoyi, ba yara a rumfar manomi ba.

DanZazzau:
Na gane bambancin. Amma ka ga da za a samu irin naku a Kano ko Kaduna, da yaran da ke ƙera jirgi da kwali da injin rediyo a bakin titi sun samu inda za su je.

Malam_Tarihi:
Tunda an taɓo Kano, Ihsan tana da abin da za ta nuna wa abokanta. Jiragen farko da suka sauka a Kano na RAF ne, guda uku, ranar 1 ga Nuwamba 1925. Daga Masar suka taso ƙarƙashin Arthur Coningham. A yaƙin duniya na biyu kuma ana sauke jirage a akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena a yau, su ratsa Sudan har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Da yawa daga samarin da suka fito daga ATC a 1941 da 1942 RAF ɗin nan suka shiga. In akwai jerin tsofaffin kadet na lokacin yaƙi a cikin kwalin, ba laifi a duba inda aka tura kowa.

Hajiya_Uwani:
Malam, kada ka ɗora wa yarinya kayan da ya fi ƙarfinta. Allon bango aka ce ta yi, ba digiri ba.

Zee_Kofur:
Wani abu kan ayyukan hannu. A zamaninmu ba wanda zai bar mu mu hau abin da muka ƙera da injin babur. Kafin a yi komai sai an cike takardar auna haɗari, sai an duba inshora. Mu na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi muka haɗa, da kujerar mota daga wurin 'yan gwangwan, da allon kwamfuta uku, da akwatin katako da muka yi wa fenti. Ta yi aiki sosai. Da wanda ya iya saita ta ya tafi jami'a, sai ta koma wurin ajiye jakunkuna. Ina jin haka na da ma suka ƙare. Aikin yana ɗaukar shekaru, yaran da suka fara shi suna girma su tafi, na bayansu ba su san wahalar da aka sha ba.

Injiniya_Sale:
Zee ta faɗi gaskiya, amma ni ban ga laifin takardar auna haɗari ba. Fankar katako da ke juyawa a bayan yaro ɗan shekara 14 ba wasa ba ce. Abin da na fi jin takaicinsa shi ne wurin aiki. Yawancin rassa aron ɗaki suke yi, na makaranta ko na coci ko zauren ƙauye. Ƙarfe tara da rabi sai ka kwashe komai ka share. Ina za ka bar rabin inji?

Maman_Ihsan:
Jama'a ga inda aka kwana, kuma na gode ƙwarai. Mun bi shawarar Binta, kwamandan ya sa hoton a shafin ƙauyen. Wata mata ta ce mai tabarau ɗin mahaifinta ne, ya rasu, amma littafin kwamiti yana cikin kayansa, ta kawo. Reshe na farko a makarantar ƙauyen yake haɗuwa. Da aka haɗe makarantar da wata aka sayar da ginin, sai suka koma zauren ƙauye, kuɗin haya ya yi musu yawa, bayan ɗan lokaci aka daina ambatonsu a littafin.

Na biyun kuwa ashe bai mutu ba. An yi sabbin gidaje a wajen, yara suka yi yawa, aka ba shi lambarsa ya zama sikwadiron mai cin gashin kanta. Ita ce ma wadda su Ihsan ke karawa da ita a gasar fareti duk shekara, ba su san daga jikinsu ta fita ba. Kuma jirgin mai fanka a can aka ƙera shi. Yanzu su ma sun ga hoton sun ce nasu ne, a ba su.

BabanKhalil:
To Hajiya Uwani, kin ji. Haya ta yi musu yawa. Kuɗi ke nan.

Hajiya_Uwani:
Baban Khalil, da akwai tsayayyen mutum a wurin da ya samo musu wani ɗakin. Maman Ihsan, don Allah ki duba min shafukan ƙarshe kafin a daina ambaton reshen. Sunan jami'in da ke kula da shi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ko yana ta canzawa?

DanLeicester:
Batun hoton fa? Ni a ganina na su Ihsan ne. Lokacin da aka ɗauke shi lambarsu ce a kafaɗar yaran, kuma asusunsu ne ya sayi katakon.

Zee_Kofur:
Amma yaran ƙauyen ne suka ƙera shi, Yaya. In ni ce kwamanda, a wanke kwafi biyu, a gayyaci matar da ta kawo littafin, a nemo waɗanda ke raye cikin bakwai ɗin su zo su ba yara labari da bakinsu. Anti, an gano ko ya taɓa tashi kuwa?

Maman_Ihsan:
Mutum biyu daga cikin na hoton sun yi magana a shafin. Ɗaya ya ce ya tashi, har ya tuƙa shi a filin ƙwallon makaranta ya shige cikin shinge. Ɗayan ya ce ƙarya ne, bai taɓa ɗagawa daga ƙasa ba sai da suka sauke mutum daga kai. Suna can suna ta yi. Hajiya, littafin yana wurin kwamanda, sai ranar Alhamis in Ihsan ta je fareti za ta ɗauko min hoton shafukan.